Ba a Cusa wa Mai Farfaɗiya Cokali a Baki

Da zarar farfaɗiya ta kama yaro, sai ka ga an ruga neman cokali a cusa masa a baki, wai kada ya haɗiye harshensa. Harshe ba ya haɗiyuwa. Cokalin ne ma ke karya haƙori ya fasa dasashi. A kwantar da shi ta gefe, nesa da murhu, a sa tsumma mai laushi ƙarƙashin kansa. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, zai iya shaƙewa. In jijjigar ta wuce minti 5, a garzaya asibiti. Yawunsa kuwa ba ya yaɗa cutar, uwa ta goge masa baki ba fargaba.