Yadda Na Soka Wa Kawu Waya a Wuya

Ni dai niyyata mai kyau ce, Allah ne shaida. Dawakin lifidi nake son yi, irin waɗanda ke fitowa hawan salla a Damagaram, sai dai nawa mahayan ko ɗan yatsa ba su kai ba.

Ƙanen abokina da ke karatu a Faransa shi ya jawo mini. Da ya zo hutu Yamai ya kawo mini kwali biyu na 'yan mutum-mutumin roba na wasan Warhammer, wanda kamfanin Games Workshop na Ingila ya fara fitarwa a 1983. Sojojin tatsuniya ne: mahaya masu sulke, maharba, da wani ƙaton dodo mai tumbi. Ba a haɗe suke zuwa ba, kai daban, hannu daban, kai ne za ka yanko ka manna ka yi fenti. Sojan ƙasa tsawonsa wajen milimita 28 ne. A tebur ake jera su, a auna tafiyarsu da inci, a gwabza. Yaron ya ce gwanaye ba sa barin su yadda suka zo, sukan cire kan wannan su dasa wa wancan. Nan take zuciyata ta ce, to me zai hana Baturen mahayi ya sha rawani?

Na shiga kasuwar Katako na sayo reza, 'yar filaya, siririyar waya da gam mai kamawa nan take. Mai shagon ya tambaye ni me zan gyara. Na ce mutane. Ya miƙo mini canji bai ƙara kallona ba.

Ga yadda aikin yake. In ka fille kan ɗan mutum za ka dasa masa wani, gam kaɗai ba ya riƙewa, ana taɓa shi zai ɓalle. Sai ka huda wuyan, ka huda kan, ka soka guntuwar waya a tsakani ta zama ƙashi. Masu abin suna da ɗan mahudi na hannu. Ni da allurar matata na yi, ina murzawa har yatsa ya yi kanta. Rawani da lifidi kuwa da wani danƙo ake yin su, mai zuwa layi biyu, shuɗi da rawaya. Ka yi ta murza su har su koma kore, daga nan ya fara daskarewa, saura ya rage naka. Abin da ba a faɗa mini ba shi ne zafi na sa shi saurin kamawa. Watan Afrilu ne, kuran ya ɗauke, fanka ta tsaya, gumi na ɗiga daga hancina kan doki. Rawanin farko da na naɗa ya fito kamar an kifa wa mahayin malmalar tuwo. Na biyu ya fi kyau, amma a babban yatsana ya manne, tare da kan mahayin. Haka na je fada shan shayi da kan mutum a yatsa, ina karɓar kofi da hagu.

Duk wannan da sauƙi.

Saboda kada su rikice mini, kowanne na rubuta masa suna a ƙarƙashin gindinsa. Dodon nan mai tumbi, Allah ya yafe mini, na rubuta masa KAWU. Duk wanda ya taɓa ganin ƙanen mahaifiyata zaune bayan ya gama da akushin fura zai fahimce ni. Na fille kan dodon don in sa masa hula, na soka waya a wuyan, sai danƙo ya ƙare. Na zuba su duka a gwangwanin madara, tara ba kai, na tura ƙarƙashin gado saboda yara da ƙura.

Bayan mako biyu sai ga Kawu da matarsa Inna daga Tawa. Wuyansa ne ya sanƙare, ko sallama aka yi masa sai ya juyo da jiki duka, ya zo ganin likita. Muka ba su ɗakina.

Washegari na dawo daga aiki na tarar da gidan tsit. Inna na zaune a tabarma tsakar gida, ta jera sojojina a kan faifai, ba ta yarda ta taɓa su da hannu ba, da muciya take juya su. Matata na bakin madafa tana cizon gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ba ta cece ni ba, kuma har gobe ina riƙe da wannan.

"Zauna, ɗan nan," in ji Inna. "Me ya yi maka?"

"Wa, Inna?"

Ta sa muciya ta birkice dodon. Ba ta yi lakwal ba, amma ta riga ta kira yaron maƙwabta ya karanta mata, wanda ke nufin unguwa duka ta ji.

"Shi ya biya maka kuɗin makaranta. Shi ya kai goron aurenka. Wane boka ne ya ba ka wannan?"

Na ce Inna wasa ne, daga Ingila yake. Ta ce ai ta san bokayen yanzu har jirgi suke shiga. Na rantse, na kawo kwalin, na nuna mata hotuna. Da na ga ta ɗan sassauto sai wayona ya yi yawa, na ce bari ma in nuna miki yadda ake yi. Na jera mahaya, na ɗebo 'ya'yan ludo guda goma na watsa a tabarma.

Inna ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Har da caca?"

Kawu ne ya leƙo daga ɗaki, da jiki duka. Ya ɗauki dodon, ya kai shi kusa da ido, ya daɗe yana duban tumbin. Abin da ya ce kawai shi ne, "Nawa bai kai haka ba." Inna ta ƙwace, ta karɓi filayata, ta yi bisimilla, ta zare wayar daga wuyan.

Da asuba Kawu ya tashi yana juya kai hagu da dama kamar ƙadangare.

Na yi bayani har bakina ya bushe. Kwana biyu ke nan yana shan maganin likita, an shafa masa man zafi, ya kuma kwana a katifata maimakon kujerar mota. Inna ta saurare ni har ƙarshe tana gyaɗa kai, sannan ta naɗe dodon a tsumma ta ƙulle a bakin zane. Yana Tawa yanzu, cikin kwallarta, ƙarƙashin kayan salla.

Kan dodon na wurina cikin kwalin ashana. Jiya ta bugo waya ta ce Kawu na ɗan jin ciwon kai, in gaya mata tsakani da Allah inda na ajiye shi.