Alhaji Bakano da Karen Mai Gida a Kan Tsauni

Alhaji Bakano, ɗan Kantin Kwari, ya je Suwizalan sarin leshi, ya sauka a wajen abokin wasansa Dakta Bazazzagi. Tsohuwar da ta ba Dakta hayar ɗaki ta yi targaɗe, ta roƙe shi ya fita mata da karenta. Ranar Asabar sai ga su a ƙauyen Bur-San-Piyer, gindin tsaunukan Alps: Dakta da takalmin hawa da sanda, Alhaji da babbar riga da sau-ciki, kare a tsakiya.

ALHAJI: Bawana, tsaya tukuna. Wannan kare ne ko maraƙi?

DAKTA: Kare ne, irin San Barna. Ya fi buhun shinkafa nauyi.

ALHAJI: To me ya sa ɗazu a jirgin ƙasa na ga ka miƙa tikiti uku?

DAKTA: Ɗaya nasa ne. Babban kare rabin kuɗi yake biya.

ALHAJI: Inna lillahi! Kare da tikiti! A Kano ko akuya ka hau mota da ita, ƙarƙashin kujera take shiga, kwandasta ya yi kamar bai gani ba.

DAKTA: Har haraji ana biya masa duk shekara. Akwai ma wata 'yar na'ura ƙarƙashin fatarsa mai ɗauke da lambarsa.

ALHAJI: Ni da nake mutum sai da na yi wata uku ina bin katin ɗan ƙasa. To yanzu ina muka nufa?

DAKTA: Ga allo nan mai ruwan ɗorawa. Zuwa mashigar San Barna wajen awa 4.

ALHAJI: Kilomita nawa na tambaye ka.

DAKTA: A nan da awa ake auna hanyar ƙafa.

ALHAJI: Awar wa? Tawa ko ta karen? Kuma idan mun hau me ake sayarwa a can?

DAKTA: Ba kasuwa za mu ba, Alhaji. Shan iska.

ALHAJI: Iskar da ke nan ƙasa kyauta? Kai dai Zagezagi boko ya gama da ku. Mu je, ni da na taso a gindin Dala, wane dutse za a nuna mini?

DAKTA: Dala ai tsibin ƙasa ce. Ko Kufena ta fi ta. Inda za mu mita 2,469 ne daga gaɓar teku.

ALHAJI: Kano tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. Wuce gaba, amma ka ja masa kunne, kada ya kuskura ya lashe ni, da alwalata.

(Bayan rabin awa. Kare ya tsuguna a gefen hanya. Dakta ya zaro 'yar leda daga aljihu.)

ALHAJI: Me za ka yi?

DAKTA: Kwashewa zan yi. Doka ce.

ALHAJI: Dakta! Digiri uku! Iyayenka sun sayar da gona sun tura ka Turai, ashe barantaka kake wa kare! Bari in ɗauki hoto, mutanen Tudun Wada su ga ɗansu.

DAKTA: Ɗauka. Amma riƙe mini ledar, sai mun ga kwandon shara.

ALHAJI: Allah ya tsinke hannun da zai riƙe.

(Suka ci gaba. Wani fito mai kaifi ya tashi daga cikin duwatsu. Alhaji ya ɗaga hannu biyu sama.)

ALHAJI: Ranka ya daɗe, fasfona na cikin aljihu! Karen ba nawa ba ne, na wannan ne!

DAKTA: Sauke hannunka. Ba ɗan sanda ba ne. Wata dabba ce kamar gafiya, ta hango kare take gargaɗin 'yan'uwanta su shige rami. Shi ya sa ba a kwance masa igiya a nan.

ALHAJI: Na sani mana. Miƙa na yi.

DAKTA: Ka ga ƙauyen da muka baro? A watan Mayun 1800 Napoliyon, jagoran Faransa na lokacin, ya bi ta nan da sojoji wajen 40,000 zai faɗa Italiya. A kan alfadari ma ya haye, ba kan farin dokin da ake zanawa ba. Ya kwashi kayan mutanen ƙauyen da ƙwadagonsu, ya bar musu takarda cewa zai biya.

ALHAJI: Ya biya?

DAKTA: Ina! Sai 1984 shugaban Faransa Mitterrand ya aiko musu da kyautar tunawa, aka rufe maganar.

ALHAJI: Shekara 184! Kuma ba kuɗi ba, kyautar tunawa! Ka ga wannan ne labari mai ma'ana da ka faɗa tun safe. Laifinsu ne. Wa ya ce ka ba mai bindiga bashi? Ni ko surukina ne, a Kwari, kuɗi hannu.

(Ƙarar ƙararrawa. Baƙaƙen shanu gajeru masu ƙiba suna kiwo, da 'yan maruƙa.)

ALHAJI: Tubarkalla! Dubi gadon baya! Wannan in an kai ta Wudil ranar Juma'a sai an yi dambe a kanta. Ina Bafillatanin?

DAKTA: Babu kowa. Waya ce mai lantarki ta kewaye su. Matso baya, Alhaji. Irin waɗannan a yankin nan har gasar karo ake haɗa musu, wadda ta ci a naɗa ta sarauniya. Kuma mai ɗan maraƙi ba ta son ganin kare, kyarkeci take ɗaukarsa.

ALHAJI: To me ya sa take kallona ni?

DAKTA: Babbar rigarka ce iska ke kaɗawa. Mu zagaya a hankali, kada ka yi gudu. In ta taso, zan saki igiyar, shi kare ya fi ta gudu.

ALHAJI: Shi ya fi ta gudu. Ni fa?

DAKTA: Kai ai ɗan gindin Dala ne.

(Saniya ta yi taku biyu. Alhaji ya tattare riga ya zura, sau-ciki ɗaya ya yi nasa wuri. Kare ya bi ya ɗauko takalmin a baki, ya ajiye a gabansa, sharkaf da yawu.)

ALHAJI: Wanki bakwai ke nan.

DAKTA: Ai ƙwarya aka ce, ba takalmi ba. Sa abinka.

(Awa ta uku. Itatuwa sun ƙare, sai dutse da ragowar ƙanƙara. Alhaji ya zube a kan wani falalen dutse mai fentin fari da ja.)

ALHAJI: Dakta... wa ya rage iskar nan?

DAKTA: Haka take in an yi sama. Kai da ka ce kyauta ce.

ALHAJI: Ka gaya wa Hajiya... makullin shago na ƙarƙashin katifa. Wanda ya ci bashina ban yafe ba.

DAKTA: Tashi, saura kaɗan. Gidan da ke can sama kusan shekara dubu ke nan ana karɓar matafiya a cikinsa. Masu ibadar Kirista da ke wurin su suka riƙa kiwon kakannin wannan karen, suna nemo waɗanda ƙanƙara ta binne. Akwai ɗaya, Barry, an ce ya ceci mutum sama da 40. Ya mutu a 1814, har yau gawarsa na gidan tarihi a birnin Bern.

ALHAJI: Kakana ya haƙa rijiya bakwai a Fagge, ko hotonsa babu.

DAKTA: Ungo igiyar. Riƙe da kyau, zai ja ka.

ALHAJI: Ni? Kare ya ja ni? ...Miƙo. Amma ka shaida, ni nake jansa, ta baya.

(Sun iso. Ga tafki, ga tsohon gini, ga iyakar Italiya can gaba kaɗan. Ga kuma motoci jere, wata bas tana sauke tsofaffi.)

ALHAJI: Dakta.

DAKTA: Na'am.

ALHAJI: Wancan mene ne?

DAKTA: Bas ce. Da rani kullum tana zuwa.

ALHAJI: Daga ina?

DAKTA: Daga inda muka sauka da safe.

ALHAJI: Ka sani?

DAKTA: Ba ka tambaya ba. Ka ce Dala.

ALHAJI: Allah ya isa tsakanina da duk mai shan fate! To ji nan, abin da ya faru a dutsen nan ya tsaya a dutsen nan.

DAKTA: Ai na ɗauki bidiyo. Gudun saniyar da jan karen, duka. Ina jiran waya ta kama ne in tura wa 'yan layinku a WhatsApp.

ALHAJI: Ni ma ina da hotonka da leda.

DAKTA: Nawa hoto ne, naka mai motsi ne, har da kuka.

ALHAJI: Nawa za ka goge?

DAKTA: Leshi yadi goma.

ALHAJI: Biyar.

DAKTA: Albarka.

ALHAJI: Bakwai, kuma in biya wa maigidan nan tikitin komawa.

DAKTA: Kuɗi hannu?

ALHAJI: Haba bawana, zan rubuta maka takarda.