Wa ke da ikon ɗauke allon talla, jiha ko ƙaramar hukuma?

Na karanta wani labari kan umarnin da wata gwamnatin jiha ta bai wa masu allunan talla su matsar da su daga bakin titi saboda aikin faɗaɗa hanya. Matsarwar ba laifi, wasu allunan ma sun tokare mahaɗar hanya, direba ba ya hango mai tahowa. Amma marubucin bai taɓo inda gizo ke saƙa ba.

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a jadawali na huɗu, ƙananan hukumomi ya ɗora wa kula da tallan waje da allunansa. Sai jihohi suka shigo da nasu hukumomin, kamar yadda Legas ta kafa LASAA, hukumarta mai kula da allunan talla, a 2006. ARCON kuma, hukumar tarayya mai sa ido kan harkar talla, abin da aka rubuta a jikin allon take dubawa. To mai allo ya biya ƙaramar hukuma, yana riƙe da rasit, gobe jiha ta ce ba ta san zancen ba. Ina zai sa kansa?

Kuma matsar da allo ba ɗaga ƙarfe ba ne kawai. Wurin ake saye. Allon da ke kan shataletale da wanda aka tura lungu kuɗin hayarsu ba ɗaya ba ne, ga kwangilar shekara da aka ƙulla da kamfani. A faɗa mana: sabon wurin wa zai bayar, tsohon izini zai bi allon ko sai an sake biya, kuma allunan 'yan siyasa suna cikin lissafin?