Dalmar da ta kwanta a ƙashin 'ya'yanmu mata

A gidanmu na Gusau an taɓa yin wata kaza da ta shafe mako tana saka ƙwai mai ɓawo kamar leda, ka danna da yatsa ya lotsa. Inna ta sa aka daka busasshen ɓawon ƙwai aka cuɗa mata a dusa, ba a jima ba ƙwai ya dawo daidai. Daga baya na fahimci abin da ya faru. Kaza tana gina ɓawo cikin awa 20 ko kusa da haka, kuma kusan dukkansa sinadarin kalsiyam ne da ya daskare. In abinci bai kawo isasshe ba, sai ta ɗebo daga ƙashinta.

Wannan ɗebowar ce ke hana ni barci in na tuna Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan Zamfara da gubar dalma ta kashe yara.

Ƙashin mutum gini ne irin na ƙasa da ciyawa. Jiki yana fara shimfiɗa zaruruwan wani furotin mai suna kolajin, sannan kalsiyam da wani sinadari mai suna fosfet su riƙa taruwa a tsakaninsu, su daskare su zama ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, masu tsari, kowane kalsiyam da gurbinsa. Zare ke hana ƙashi karyewa kamar tangaran, ƙwayoyin kuma ke ba shi tauri. Ginin ba ya ƙarewa: kullum ana rushe wani sashe ana sake ɗorawa. Matsalar ita ce dalma ta yi kama da kalsiyam, a cajin lantarki ɗaya suke, a girma kuma ba su da nisa. Da ta shiga jini sai magini ya ɗauke ta ya sa a gurbin kalsiyam. Fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke jikin babban mutum a ƙashi da haƙori take. Wadda ke cikin jini tana raguwa da rabi cikin kamar wata guda, ta ƙashi kuwa sai ta yi shekaru gommai.

A 2010 aka gane cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, ƙura ta sauka a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa, Bagega ta samu nata aikin a 2013, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta yi wa dubban yara magani. Aiki ne babba, ba mai raina shi. Sai dai maganin ya fi wanke jini. Abin da ya riga ya shiga ƙwayoyin ƙashi da wuya ya taɓa shi.

To yarinyar da ke da shekara 4 a lokacin, yau ta kai aure, wataƙila ma tana goyo. A watannin ƙarshe na ciki, da lokacin shayarwa musamman, jikinta zai yi abin da kazar Inna ta yi, ya narka ƙashi don ya ba jariri kalsiyam. Dalmar da ta kwanta tun tana ƙarama sai ta farka, ta koma jini, ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan da bai taɓa ganin turmin dakan dutse ba.

Na san za a ce asibitocin sha-ka-tafi a yankin da kyar suke buɗewa saboda 'yan bindiga, wa ke ta gwajin dalma? Na ji. Amma abin da nake nema ba shi da nauyin da ake zato. A Meziko an gwada bai wa masu ciki miligiram 1,200 na kalsiyam kullum, dalmar jininsu ta ragu. Ba ta ɓace ba, amma ta ragu, don jikin da ya samu kalsiyam daga abinci ba ya matsa wa ƙashi, hanji ma yana rage tsotsar dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cikin ƙa'idojin da ta fitar a 2021 kan masu ciki da aka samu da dalma a jini.

Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Zamfara: duk macen da ta tashi a waɗannan ƙauyuka, in ta zo awon ciki a tambaye ta inda ta yi ƙuruciya, a gwada jininta, a haɗa mata ƙwayar kalsiyam da maganin ƙarin jinin da aka saba bayarwa. A sanar da ungozomomi, don su ne ke shiga ɗakunan da ma'aikatan asibiti ba sa isa. Mazaje kuma su sani kuɗin nono da kindirmo, da zogale, da ƙananan kifin da ake ci har ƙashi, na cikin cefanen mai ciki. Wadda kwaɗayin ciki ke sa ta cin ƙasa a hana ta da lallashi, a gaya mata dalili. Yawancin 'yan matan nan aure ya kai su wasu garuruwa, har Gusau da Talata Mafara, shi ya sa tambayar ta kamata ta shiga katin awo na jihar baki ɗaya.