Likitan da ya haɗa kayansa ba butulu ba ne

Tun da Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana a 2025 cewa likitoci sama da 16,000 sun bar Najeriya cikin shekara biyar zuwa bakwai, tsohuwar waƙar nan ta dawo bakin wasu: wai a ɗaure su da doka, tunda da kuɗin gwamnati suka yi karatu. Mun saba jin ta. A 2023 ɗan majalisar wakilai Ganiyu Johnson daga Legas ya kawo ƙudirin hana likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aikin shekara biyar, har ya tsallake karatu na biyu. A 2024 hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta ce ba za ta tantance takardun mai son fita ba sai ya yi shekara biyu yana aiki. Kullum dabarar ɗaya ce, a garƙame ƙofa.

Masu wannan ra'ayi sun ɗauka tafiya abin marmari ce. Su je su kwana ɗaya a sashen gaggawa na wani babban asibitin jiha. Wuta ta ɗauke, janareto ba mai, likita na ɗinke rauni da hasken fitilar waya, ya rubuta wa 'yan uwan majinyaci su ruga kemis su sayo safar hannu da ledar ƙarin ruwa. Gari na wayewa layi na jiransa. Wannan bawan Allah shi ne aka shafe shekaru ana biya naira 5,000 a wata a matsayin alawus na haɗarin aiki, sai a ƙarshen 2021 aka taɓa shi. Albashin ma faɗuwar naira ta cinye: dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ga tsoro. A Disamba 2023 'yan bindiga suka shiga gidajen ma'aikatan Asibitin Ido na Ƙasa da ke Kaduna suka ɗauke wata likita, ta yi kusan wata goma a hannunsu. Abokan aikinta da suka fara neman fom ɗin PLAB, jarrabawar samun izinin aikin likita a Ingila, bayan nan, wane bakin ne zai kira su butulu?

Kuma shawarar ba ta da sauƙi ko kaɗan. Saurayin da ke da tsohuwa a gida da ƙanne a makaranta yana lissafi ne da abin da ya fi kuɗi nauyi: wa zai kai Hajiya asibiti in hawan jininta ya tashi, yaransa za su tashi da Hausa a bakinsu ko kuwa, in an yi rasuwa zai samu jana'iza? Shi ya sa da yawa daga namu suke fifita Saudiyya a kan Ingila, ko ba komai ga Umra kusa.

Za a ce ai can ma ba aljanna ba ce, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Masu tafiyar sun fi mu sanin haka, kuma duk da haka suna tafiya. Wannan kaɗai ya isa hukunci a kan abin da muka bar musu.

Batun kuɗin karatu kuwa, lauya da injiniya da shi kansa ɗan majalisar ba a jami'o'in gwamnatin nan suka yi ba? Wa ya riƙe musu takarda? Gwamnatin da ta karɓi baƙuncin taron Abuja na 2001, inda aka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, ba ta taɓa cika shi ba. A 2019 Ministan Ƙwadago Chris Ngige, likita ne fa, ya fito talabijin ya ce muna da rarar likitoci, mai son tafiya ya tafi. To sun ji, sun tafi.

A biya su abin da zai riƙe gida, a sa tsaro a asibiti, a kawo wuta. Ɗan majalisar da har yanzu yake sha'awar dokar shekara biyar kuwa, ya fara saka mata sashen da zai hana shi da iyalinsa zuwa jinya Landan ko Alƙahira muddin yana kan kujera, sannan mu zauna maganar lasisi.