Kwale-kwalen Dufuna da kaburburan Gobero: abin da ƙasa ke faɗa mana game da gobe

A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani katako mai tauri a zurfin kusan mita 5. Da masana daga jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka kammala tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, wanda gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Mutumin da ke neman ruwan da zai shayar da shanunsa, shi ne ya tono shaidar cewa a wajen nan da yake tsaye mutane sun taɓa tuƙa jirgi.

Can arewa kuma, a hamadar Tenere ta Nijar, akwai Gobero. A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno, wani masani ɗan Amurka, ya je neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ɓace tun kafin zuwan ɗan Adam, sai ya tarar da maƙabarta mai kaburbura kusan 200. A gefensu ga ƙasusuwan giwan ruwa da kada da dorina, ga masun kamun kifi da aka sassaƙa da ƙashi. Akwai wani kabari da ba ya fita a raina: mace da yara biyu, an kwantar da su suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe. Yau ko itace ɗaya ba za ka gani a wurin ba, rairayi ne iya ganinka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a Gobero shi ne mutanen ba al'umma ɗaya ba ce. Na farko masunta ne da mafarauta. Fari ya zo, tafkin ya ƙafe, suka tashi, wurin ya zauna kango kusan shekara 1,000. Da ruwa ya dawo sai wasu mutanen daban suka zo, su ma suka yi zamaninsu har hamada ta kore su wajen shekara 4,500 da suka wuce. Masana sun ce karkatar duniya a zagayenta na rana ce ke sauyawa a hankali, damina ta yi ƙarfi ko ta ja baya. A lokacin da ta yi ƙarfi, Tafkin Chadi ya haura murabba'in kilomita 300,000.

Na sha jin masu cewa ai tunda yanayi ya daɗe yana canzawa, babu abin damuwa. Wannan karatun baibai ne. Gaskiya ne ɗan Adam bai ƙare ba, amma sai a duba yadda ya tsira. Da ƙafarsa ya tsira: ya kwashi iyalinsa da dabbobinsa ya yi kudu, inda babu shinge, babu kan iyaka, babu mai tambayarsa takarda. Kuma ya canza sana'a. Gero, wannan da muke dama fura da shi, hatsin daji ne da mutane suka mayar na gida a daidai lokacin da Sahara ke bushewa, an ga alamarsa a jikin tsofaffin tukwane a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun wajen shekara 4,500 da suka shige. Su kuma suna da ɗaruruwan shekaru na koyo a hankali.

Mu ba mu da wannan sararin. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya rasa mafi yawan ruwansa bayan farin shekarun 1970 da 1980, a cikin rayuwar mutum guda. Kudun da kakanninmu suka nufa kuwa yanzu cike yake da gonaki da garuruwa, an noma burtali, an yi gini a mashaya. Idan makiyayi ya gangaro yau, abin da aka saba yi tun dubban shekaru yake yi, sai dai ƙofar da a da take buɗe yanzu akwai mai ita. Yawancin rikicin manoma da makiyaya da muke kira na ƙabila ko na addini, a ganina tushensa yana nan.

Don haka nake ganin gwamnatocin Najeriya da Nijar da Chadi suna kuskure idan suka tsaya ga dashen itatuwa kawai. Dashen na da kyau, amma mutane za su ci gaba da motsi ko an so ko an ƙi. A fitar da burtali a kare shi da doka, a tanadi mashaya, a sa kuɗi wajen binciken irin gero da dawa masu saurin nuna. Sannan a riƙa kai 'yan makaranta Damaturu, inda aka ajiye kwale-kwalen nan, su gan shi da idonsu, domin yara da yawa a Yobe ba su ma san yana jiharsu ba.