Karatun halayyar ɗan Adam: abin da fom ɗin rajista ke faɗa

Cikin duk digirin da ake yi a jami'a, ban san wanda mutanenmu suka fi yi wa gurguwar fahimta kamar na halayyar ɗan Adam ba, wato saikoloji. A Kano in yarinya ta ce shi take so ta karanta, ɗayan biyu za ta ji. Ko dai wani yayanta ya ce "to faɗa mini abin da ke raina yanzu," a bushe da dariya, ko wata gwaggo ta riƙe haɓa ta ce "aikin asibitin mahaukata na Dawanau za ki yi, 'yar nan?" Da mai dariyar da mai riƙe haɓar, babu wanda ya taɓa duba jerin kwasa-kwasan da ake tilasta wa ɗalibin wannan fanni, alhali amsar tana rubuce a ciki.

Ni shagon buga takardu gare ni a Agege, don haka duk farkon zango fom ɗin rajistar yaran unguwa ta hannuna suke bi. Akwai 'yar wani abokina mai sayar da hatsi da ke aji uku a wannan fanni a wata jami'a nan Legas, kuma tun tana ajin farko nake karanta nata kafin in miƙa mata.

Tun daga bakin ƙofa ake fara tace mutane. Sai da kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi, sannan JAMB. Shekara huɗu ce ga wanda ya shiga ta jarrabawa, uku ga mai shiga kai tsaye aji biyu. Tsarin yakan ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma ƙashin bayansa ɗaya ne. Shekarar farko gabatarwa ce da tarihin fannin, inda za a ba ka labarin Wilhelm Wundt da ɗakin gwajin da ya buɗe a Leipzig ta Jamus a 1879, sai kwasa-kwasan gama-gari da kowane ɗalibi ke yi. Daga nan sai ruwa ya fara zurfi: yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ke aiki, yadda yaro ke girma a tunani, yadda mutum ke sauya hali in yana cikin taro, yadda ake koyo da yadda ake mantuwa, da larurorin taɓin hankali. A shekarar ƙarshe kowa zai yi furojet ya tsaya gaban malamai ya kare shi.

Amma abin da ke bin ɗalibi kamar inuwa tun daga ƙasa har sama shi ne lissafin ƙididdiga da dabarun bincike. Nan ne yara ke kuka, musamman waɗanda suka gudo wannan sashe don sun ji an ce babu lissafi. Rannan yarinyar ta ajiye mini takarda cike da jadawalin lambobi, ta ce, "Kawu, wallahi da na san haka ne, da na fi mai da hankali a ajin lissafi tun sakandare." Ban tausaya mata sosai ba, don a ganina wannan kwas ɗin da take ƙorafi a kai shi ne ya raba karatunta da hirar majalisa. Kowa a tsakar gida yana da ra'ayi a kan dalilin da ya sa yaro ke ƙiriniya ko mace ke yawan kuka bayan haihuwa. Wanda ya yi wannan digiri ana so ya iya cewa mutum nawa ya tambaya, ta yaya ya zaɓo su, kuma bambancin da ya gani na gaske ne ko dace ne kawai.

Na yi NCE a gida kafin in zo nan, kuma ta wannan hanya ce yawancinmu 'yan Arewa muka san fannin: kwas ne a cikin karatun malanta. Mun haddace matakai huɗu na girman tunanin yaro da masani Piaget ya tsara, mun haddace karen gwajin masani Pavlov da yawunsa, mun zuba a jarrabawa mun wuce. Yarinyar abokina kuwa aiki aka ba ta. Ta jera kofuna biyu iri ɗaya a kan benci a ƙofar gidansu, ta zuba ruwa daidai wa daida, ta kira wani yaro ɗan shekara biyar ya yarda cewa ɗaya suke. Sai ta juye ɗayan cikin wani dogon kofi siriri, a gabansa, yana kallo. Ta ce, "Yanzu wanne ya fi yawa?" Ko shakka bai yi ba ya nuna dogon. Yayarsa mai shekara takwas ta yi tsaki ta ce ai ruwan nan ne dai. Ta rubuta shekarun kowa da amsarsa, ta kira na gaba. Abin da muka rera kamar karatun allo, ita ta gan shi a fuskar yaro.

Tsarin Amurka ya sha bamban da namu ta wata fuska. Can a jami'o'i da yawa yaro yakan shiga bai zaɓi fanni ba, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu yake bayyana inda ya dosa, kuma kwasa-kwasan fannin kansu ba su cika wuce kashi ɗaya cikin uku na dukan digirin ba. Sauran ya ɗebo daga tarihi, harsuna, kimiyya, duk abin da ransa ya so. Namu ya fi zurfi, wannan babu musu. Sai dai muna ɗaure yaro ɗan shekara sha shida ko sha bakwai da zaɓin da ya yi a fom ɗin JAMB, wani ma ba shi ya zaɓa ba, lauya ya nema aka ce ga abin da ya samu. Duk da haka, can da nan an haɗu a abu guda: babu mai fita sai ya ci ƙididdiga da dabarun bincike.

A Legas ba a tambayar "me za ka yi da shi" da irin muryar da ake yi a gida. Kamfanoni na ɗaukarsu a sashen kula da ma'aikata, masu talla na neman wanda ya iya binciken abin da mai saye ke so, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba da ke nan tun 1907. Iyaye su san wani abu dai: digirin farko ba ya mai da mutum mai duba marasa lafiya. Sai ya ƙara digiri na biyu a ɓangaren asibiti da horo a ƙarƙashin ƙwararru. Mai rubuta magani kuwa likita ne da ya yi karatun likitanci, hanyarsa daban.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mu ne muka fi bukatar waɗannan mutane. Binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu sha sun kai mutum miliyan 14.3, kuma a shekarar ce aka hana maganin tari mai kodin bayan an ga irin ɓarnar da yake yi wa matasa. Ga waɗanda rikici ya raba da gidajensu a Borno da Zamfara, yara sun ga abin da babba ma ba zai iya ɗauka ba. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau ba za su iya da likitoci kaɗai ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma ko an sa hannu a doka, sai an sami wanda zai zauna ya saurari mara lafiya.

Jerin kwasa-kwasan na nan Legas ma ba na wanke shi tas. A 2010 wasu masana uku, Henrich da Heine da Norenzayan, suka ja hankalin duniya cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba. Mu ma muna maimaita irin wannan a namu ƙaramin mataki. Takardun tambayoyin furojet da nake bugawa kusan duk da Turanci suke, kuma ɗalibai 'yan uwansu ake raba wa, don su ne a kusa. Ɗan dako a Mile 12 da ya bar iyali a Jibiya, yana kwana a rumfa, ba ya cikin lissafin kowa. Ko an je wurinsa, wa aka koya wa yadda zai zauna da shi ya yi masa tambaya da Hausa ba tare da ya ji ana tuhumarsa da hauka ba?

A ƙarshen 2022 hukumar jami'o'i ta NUC ta fito da sabon tsarin manhaja: kashi 70 daga gare ta, kashi 30 kowace jami'a ta cika da abin da ya dace da yankinta. Wannan talatin ɗin nake so jami'o'inmu na Arewa masu wannan sashe su yi wa riƙon gaske. A sa kwas na hira da mara lafiya da Hausa, da na mai da ma'aunan gwaji zuwa Hausa a sake gwada ingancinsu a kan mutanenmu. A karantar da Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya yi rubutu a kan baƙin ciki da tsoro da waswasi fiye da shekara dubu da suka wuce, da Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam na Sudan, don uban da ke tsoron karatun zai raba 'yarsa da addini ya ga ba haka ba ne. A kuma koya musu aiki tare da malaman ruƙiya, tunda wurinsu ake fara kai mara lafiya ko mun so ko mun ƙi. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya yi irin wannan a Aro ta Abeokuta tun 1954: ya zaunar da marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, kuma daga baya shi ne ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.